Keken Mai Garkuwa

Abin nan ya faru kaka uku bayan an sauke tutar Turawa, soja kuwa ba su karɓi mulki ba tukuna. Shekarar ce masu ƙidaya suka dawo karo na biyu suna bin mu gida-gida kamar masu ƙirgar awaki, wai ta farkon ba ta yi ba. Ina goyon ɗana na biyu. Gero ya yi kyau a shekarar har mutanen Garu suka rasa rumbun zubawa, kuma duk shekarar da gero ya yi kyau dambe ma yakan yi kyau, don mai yunwa ba ya ɗaure hannu.

Gidanmu a Illela gidan fawa ne. Surukina, uban mijina, shi ne sarkin fawa, saboda haka duk ɗan damben da ya zo wasan kaka gidanmu yake sauka. Ɗakuna biyu ne a ƙofar gida, zaure a tsakaninsu. Ni ce mai girkin baƙi. Kwana bakwai ake wasa, kwana bakwai ina tuƙa tuwon ƙarti fiye da goma, ga goyo a baya.

Tun da aka kawo ni gidan ban sake taka fage ba, sai dai in ji kalangu daga bakin murhu. Amma kada wani ya ce mini ban san dambe ba. Ina budurwa na sha kallo da ƙwaryar furata a ka. Hannun da aka naɗe da kara, wato igiyar dambe, shi ne mashi, da shi ake duka. Ɗayan da ake miƙawa gaba a buɗe, shi ne garkuwa, da shi ake tarewa. In hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa, an kashe ka ke nan, ko da ka tashi kana dariya. Su kuwa maza, in suna kallo, idonsu na kan mashi kamar idon kare kan tsoka. Garkuwa sai dai ta yi aikinta don Allah.

Ranar da na fara girkin baƙi uwar mijina ta zaunar da ni. Ta ce, “Ke ɗiya, ji nan. Ciwon ɗan dambe ba shi hita ƙohwar masauki. Wanda yat tambayi ruwan zahi, ki ba shi, ki mance. In abokin karawa nai yaj ji inda ka yi mai ciwo, nan za shi bugu.” Na ce na ji. Kuma na riƙe, shekara huɗu ban taɓa ɗaga wa kowa zancen ba.

To, a shekarar nan sai wani Alhaji ya zo da sabon abu. Attajiri ne, yana fataucin goro da atamfa tsakanin nan da Konni, can ƙetaren iyaka. Ido ɗaya gare shi, ɗayan a fage ya baro shi tun yana saurayi. Ranar farkon wasa ya sa aka turo keke sabo fil, da ƙararrawa da madubi, ko takardar jikinsa ba a ɓare ba, aka jingine a zaurenmu. Ya ce wa surukina, “Sarki, kowace shekara mai kisa ɗai ka samun kyauta. Ni bana mai garkuwa za ni ba. Wanda duk yaf fi iya tare naushi, keke nashi na. Da ni ina da garkuwa, da yanzu ido biyu gare ni.”

Magana mai kyau. Ban taɓa jin namiji ya yi magana mai hankali irin wannan a kan dambe ba, kuma ban sake ji ba, har daga bakin shi Alhajin.

Nan aka shiga uku. Kisa ana ganinsa, mutum ya faɗi, fage ya ɗauki ihu. Garkuwa kuwa abin da bai faru ba ne. Ta yaya za ka ƙirga naushin da bai samu mutum ba? Aka ce mutum uku su yanke: Alhaji, da surukina, da makaɗin kalangu, wai shi ya fi kowa kusa da ’yan wasa. Mijina ba ya ciki, amma ya fi na cikin yawan baki. Kullum da hantsi sai su baje a zaure su yi ta gardama. Bango ɗaya ne tsakaninsu da madafata, da ’yar tagar hayaƙi a sama. Ko ban so ba sai na ji.

Mijina ya tsaya wa wani bahago daga Garu, abokinsa ne tun suna yara. Ya ce kwana uku ana wasa ko sau ɗaya ba a taɓa shi ba. Makaɗi ya ce, “Ina za a taɓa shi? Wanga ba garkuwa gare shi ba, ƙahwa gare shi. Jiya sai da niy yi zaton Konni za shi kwana. In kunka ƙara mai da keke, wa ka sake ganin ƙeya tai?” Zaure ya fashe da dariya. Mijina ya ce kaucewa ma tarewa ce. Aka ce masa to a ba zomo.

Surukina kuwa wani ƙato ya zaɓa daga Darna, mai wuya kamar turmi. Ya ce shekara biyar yana zuwa, ba a taɓa ganin kumburi a fuskarsa ba. Alhaji ya ce, “Sarki, ranka shi daɗe, ai kura ma ba a taɓa marin ta ba, kuma ba don ta iya tarewa ba na. Tsoro nai a ka ji. Ba wanda ka matsowa.” Surukina ya ce ai wanda ya hana a kawo masa duka ya fi wanda aka kawo wa ya tare. Alhaji ya ce shi keken hannu ya saya, ba keken tsoro ba. Suka kwashe hantsi guda a kan wannan, tuwona na ta hucewa a akushi.

Na makaɗi shi ne wani dogo, mutumin ƙetare. Daga can bayan Konni ya zo, kyakkyawa, fari, yana naɗa rawani ya ja amawali ya rufe baki kamar Buzu, ba ya cirewa sai zai shiga fage. A fage kuwa, in ji su, rawa yake yi. Duk naushin da aka kawo sai ya girgiza kai, ya ɗaga yatsa, wai iska ce ta wuce. Makaɗi sai ya sake zuba masa kiɗa, ’yan kallo su ce kai, ba ya taɓuwa. Abin da makaɗi bai faɗa a zaure ba shi ne dogo ke manna masa sefa, kuɗin ƙasarsu, a goshi duk maraice. Makaɗi da gaskiya ai sai dai su gaisa a hanya.

Akwai na huɗu, wanda ba wanda ya tsaya masa. Masunci ne daga Kalmalo, gajere, baƙi, ba shi da ko kirarin kirki. Mahauta na ganin kamar shisshigi ya yi musu, mai kama kifi ya zo yana ɗaure hannu. Ba ya kisa. Turmi uku za a yi da shi, wato zagaye uku, a raba ba wanda ya faɗi, ’yan kallo na tsaki. Ba ya gudu, ba ya rawa. Tsayawa yake kamar gungume, duk abin da aka jefo sai ya sauka a damtse ko a tafin hannu. Sau ɗaya na ji an ambace shi a zaure. Alhaji ne ya ce, “Wancan na Kalmalo fa?” Mijina ya ce, “Mai ƙarnin kihi? Wanga dambe nai barci shi ka sa ni.” Shi ke nan, aka wuce.

Yanzu ga abin da ni na sani, wanda alƙalan nan uku ba su sani ba. Kowane baƙo da akushinsa, na san su kamar ’ya’yana, wannan mai tsaga a baki, wancan mai ƙonewa a gindi. Da safe in zuba tuwon gero da miya da nama, a ɗauka, a dawo mini da su. Wanda aka buga a ciki, tuwo yake bari ya tsince nama. Wanda aka buga a haƙarƙari, ci yake kaɗan-kaɗan, akushinsa shi ke dawowa ƙarshe. Wanda aka buga a muƙamuƙi kuwa, miya yake shanyewa ya bar maka nama da tuwo a tsaye.

Tun safiya ta uku akushin dogon ƙetare ya fara dawowa da nama a ciki. Ɗan dambe ya bar nama! Ta huɗu ya ce a yi masa kunu, mai ruwa-ruwa, wai a ƙasarsu haka suke karya kumallo. Ƙasarsu! Tafiyar hantsi ce tsakaninmu, na san abin da suke ci. Ruwan zafi da tsumma kuwa sau biyu kullum, safe da yamma. Bahagon Garu ya nemi ruwan zafi sau ɗaya, don ƙafa. Ƙaton Darna sau ɗaya, don hannun dukansa. Masuncin Kalmalo bai taɓa neman ko ɗumi ba. Akushinsa yakan dawo a lashe kamar an wanke, ƙashi ma a tattaune, ya zuƙe ɓargon tas.

A rana ta shida na ji sun daidaita. Makaɗi ya yi ta zuba har ya gajiyar da su. Aka ce gobe da hantsi a kira mutum huɗun nan zaure a dube su don cika al’ada, sannan a ba dogo keke, da la’asar a yi wasan rufewa.

Na sami uwar mijina tana kaɗi. Na ce, “Inna, keken nan fa wanda aka fasa wa baki za a ba.” Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, “Na sani. Ruhe bakinki.” Da mijina ya shigo alwala na ce masa, “Maigida, da kun ƙara duba na Kalmalo.” Iyakar abin da na faɗa ke nan, ban ambaci ciwon kowa ba. Ya dube ni yana nannaɗe hannun riga. Ya ce, “Ke kuma mi mace tas sani ga dambe? Ki ji da muciya.”

Ba zan yi ƙarya da furfurata ba. Ba tausayin masunci ne ya motsa ni ba, ba dangina ba ne, ko gaisuwar kirki ba mu taɓa yi ba. Maganar nan ce. An ce in ji da muciya, to na ji da ita.

An hana ni magana, ba a hana ni girki ba. Da yammacin nan na ɗauko ƙuli-ƙulin da na yi tun farkon mako, na sake jefa shi a mai har ya yi baƙi-baƙi, in ka jefi kare da shi sai ya yi ɗingishi. Na sauko da kilishin da ya kwana biyar a kan rufin ɗaki, ya bushe kamar fatar takalmi. Uwar mijina ta wuce ta gani, ta tsaya, ta dube ni, ta wuce abinta. Har ta koma ga Allah ban san ko ta gane ba. Ina jin ta gane.

Washegari da hantsi zaure ya cika. Alƙalai a kan tabarma, ’yan dambe huɗu a gefe, keke a jingine, mahauta da ’yan kallo cunkus a bakin ƙofa. Na ja mayafi, na ɗauko faifai, na durƙusa a ƙofar ciki na tura shi. Na ce, “Baba, ga ɗan abin taɓawa, na baƙi.” Na koma bayan zana inda akwai ’yar kafa, na sa ido.

Surukina ya ce bismillah. Bahago ya ɗauka, ƙato ya ɗauka. Masunci ya dumbuza, ya fara ƙurum-ƙurum kamar jaki ya samu dawa. Dogo ya dafa ƙirji ya ce ta cikin amawali, “Alhamdu lillahi, na ƙoshi.”

Surukina ya ce, “Ba a ƙoshi gidana. Ci, ɗana.”

Abincin mai masauki, a gaban dattawa, ba a mai da shi. Dogo ya daɗe yana kallon faifan. Sannan ya sa hannu ya ja amawali ƙasa. Ashe a fage kuncin hagu yake juya wa jama’a, ya duƙar da kai cikin kafaɗa. Na dama ya kumbura kamar ya ɓoye goriba biyu a ciki, ya yi shuɗi har ƙasan kunne. Ba abin da kake ji sai taunar masunci, shi ko ɗagowa bai yi ba.

Na ce a raina, madalla, yau gani ya kori ji. Na zaci an gama.

Sai dogo ya miƙa hannu ya zaɓi ƙulin da ya fi girma. Ya sa shi a baki, ba gefen lafiya ba, gefen kumburin. Ya gartsa. Na ji ƙarar daga bayan zana, kuma ba ta ƙuli kaɗai ba ce. Gumi ya keto masa, hawaye na zuba, jini ya biyo gefen baki, yana taunawa yana kallon Alhaji ido cikin ido. Ya haɗiye. Ya ɗauki kilishi ya ja da haƙoran nan.

Makaɗi ya zabura ya rungumo kalangu. “Namiji! Namijin duniya! Jama’a kun gani? Kwana huɗu da wanga ciwo shina shiga hwage, wa yas sani? Ni da ka tsaye kusa gare shi ban sani ba! Wagga ita ta garkuwa, a buge ka kar a gane!”

Ku ji fa. A buge ka kar a gane. Na jira wani ya yi dariya. Ba wanda ya yi. Bakin ƙofa ya ɗauki kabbara. Mijina, wanda jiya yake wa bahago yaƙi, shi ne kan gaba wajen ɗaga hannun dogo. Surukina na gyaɗa kai. Alhaji kuwa, mutumin da ya sayi keke don kada wani yaro ya sake rasa ido, sai ga hawaye a idon nan nasa guda. Ya ce, “Haka niy yi ranar da nir rasa nawa. Ban hwaɗi ba, sai da anka raba.” Ya tashi da kansa ya turo keken ya damƙa wa dogo.

Kyautar wanda ba a buga ba, aka ba wanda ya nuna wa gari an buge shi. Maza ke nan. Ka nuna musu jini, su mance abin da suka zauna yi.

Masunci ya bari hayaniya ta lafa, ya juye sauran ƙulin a aljihu, ya fita.

Sauran abin da ya biyo baya, wannan kam nawa ne, ban taɓa ɗora wa wani ba. Kafin azahar babu wanda bai san kuncin da ke ciwo ba. A wasan rufewa aka haɗa dogo da ƙaton Darna. An ce wa dogo ya haƙura, ya ƙi, mai sabon keke ba ya cewa ba zai shiga ba. Daga madafa na ji kalangu ya fara, ban gama tankaɗe gari ba na ji ihu, kalangu ya tsaya. Turmin farko, naushin farko, a kan kuncin nan. A kan ƙyaure aka kawo dogo gidanmu, wani na turo keken a baya yana kaɗa ƙararrawa don a ba da hanya. Kwana tara ya yi a ɗakin ƙofar gida ana ɗura masa kunu da ludayi, ni nake damawa. Bai sake ɗaure hannu ba.

Ba wanda ya ce mini ke kika yi. Kowa ya sani, har kajin gidan. Surukina ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata sai da ka. Da kaka ta zagayo ’yan dambe suka sauka gidan Alhaji, haka wadda ta biyo, haka ta bayanta. Sarkin fawa guda, ana wasa a garinsa zaurensa wayam. Mijina duk sanda muka saɓa, ko a kan gishirin miya ne, sai ya ce, “Ke da kin kori baƙi da ƙuli.” Ni kuwa in ce masa, “Ku da kun ba mai hwasasshen baki keken garkuwa.” Nan yake zura takalmansa ya fice.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne masuncin. Ranar da zai koma ya tsaya a ƙofar ciki ya yi sallama. Na zaci godiya ya zo yi. Ya ce, “Uwar gida, Allah shi saka da abinci. Amma ba a yi ma baƙo hakanga. Da na san abin da yas sa anka kawo shi, ban taɓawa.”

Na ce, “Kai fa ka hi su duka. Keken naka na.”

Ya ce, “Ni ban zo neman keke ba. Kwalekwale gare ni.”

Yana faɗin haka aljihunsa a cike da ƙulina.

Alhaji ya rasu kafin babbar yunwa. Surukina da uwar mijina sun bi shi, mijina ya daɗe bayansu sannan ya tafi, Allah ya ji ƙansu duka. Makaɗi ya mutu da kalangunsa a rataye, har ƙarshe yana ba yara labarin namijin da ya tauna dutse. Bahago da ƙato ban san inda ƙasa ta rufe su ba. Dogon ƙetare na ji an ce ya tsufa yana sayar da gishiri a ƙasarsu, daga baya labarinsa ya yanke.

A cikin waɗanda suka ga faifan nan da idonsu, a iya sanina saura mu uku. Akwai wani mahauci a bayan kasuwa wanda yake tsaye bakin ƙofa ranar, amma shi hankali ya gushe, ko ’ya’yansa ba ya ganewa. Akwai ni. Akwai kuma masuncin, yana nan Kalmalo, ya makance, yana zaune gindin bishiya ana kawo masa komar kamun kifi yana laluben inda ta yage. Bara wata mai kawo mini kifi ta ce ta yi masa zancena. Wai ya ce a gaishe ni, kuma a gaya mini keken wanda ya dace aka ba. Na ce ta koma ta gaya masa ban amsa gaisuwar ba.